Yadda ake jinyar tsoro da fargaba da tabarau na VR, daga zaman farko zuwa sallama

Tun da tabarau ɗin nan na VR, wanda ake ɗaurawa a fuska ya nuna wa mutum hoton da ya zagaye shi kamar yana cikin wurin, ya fara shigowa hannun mutane, tambayar da ma'aikatan lafiya da ɗalibai a Katsina da Daura ke ta maimaitawa ita ce: me ake saye, ta ina ake farawa, kuma me ake yi da majinyaci daga shigowarsa ɗaki har ya fita? Ga amsar a jere.

Abu ɗaya dai a riƙe tun daga bakin ƙofa. Maganin yana cikin jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitoci ke taƙaitawa da CBT: a sa mutum ya tunkari abin da yake gudu kaɗan-kaɗan, har ya gani da idonsa cewa bala'in da yake hasashe bai sauka ba. Shi tabarau ɗan aike ne kawai. Yana kawo maka cikin jirgin sama, ko saman bene, ko cunkoson kasuwa har cikin ɗakin duba marasa lafiya, a ranar da kake so, da ƙarfin da kake so. Wani nazari na 2019 da ya haɗa gwaje-gwaje 30 na mutum 1,057 ya gano cewa sakamakon wannan hanya ya yi kunnen doki da na kai mutum wurin na gaskiya.

Wannan jagora ta likitan ƙwaƙwalwa ce, da masanin halayyar ɗan'adam mai duba marasa lafiya, da nas ɗin da ta samu horon CBT. Wanda ba shi da horo ya sayi tabarau ya buɗe shago, garin neman gira zai rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne.

1. Tantance majinyaci

A zaman farko tabarau yana cikin kwalinsa. Awa guda ce ta tambaya zalla: me yake tsoro, tun yaushe, kuma me ya daina yi saboda tsoron. Waɗanda hanyar ta fi karɓa su ne masu tsoron tsayi, tsoron jirgi, tsoron wuri matsattse kamar lif, tsoron magana gaban jama'a, da masu firgicin da ya hana su shiga kasuwa ko motar haya.

Ka cika masa takardun awo biyu, PHQ-9 na baƙin ciki mai maki 0 zuwa 27, da GAD-7 na fargaba mai maki 0 zuwa 21. Karanta masa tambayoyin da Hausa, ka ajiye makin, domin da shi za ka auna ranar sallama. Tambaya ta 9 a PHQ-9 kan tunanin kashe kai take. In ya amsa da wani abu da ba "a'a" ba, batun tabarau ya tsaya sai likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi.

Kada ka manta da jiki. Faɗuwar gaba da bugun zuciya suna iya zama na maƙoƙo, ƙarancin jini, asma ko ciwon zuciya. A auna jini. A tambayi goro nawa yake ci a rana, da shayi, da lemon ƙara kuzari, da tiramol da maganin tari mai kodin.

Gargaɗi: ba a sa wa mai farfaɗiya. Takardar gargaɗin masu ƙera na'urar ta ce kusan mutum 1 cikin 4,000 na iya samun farfaɗiya ko ɗaukewar hankali daga walƙiyar haske, ko da bai taɓa yi ba. Mai ciki, mai ciwon kunne da jiri, mai ciwon kai na ɓari ɗaya da wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya, sai da izinin likitansu. Mai ciwon ido na apolo ya jira ya warke. Mai gane-gane da jiye-jiye kuwa aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Gaskiya ne masu bincike na Jami'ar Oxford a Ingila sun gwada wata manhaja mai suna gameChange a kan irin waɗannan majinyata 346, aka wallafa a 2022, amma manhaja ce da aka gina musamman dominsu.

Gargaɗi na biyu ya fi shafar jiharmu. Za a kawo maka wanda ya tsira daga hannun 'yan bindiga a Batsari, Jibiya ko Faskari, wanda rurin babura kaɗai ke sa shi neman maɓoya. Kada ka ɗauko bidiyon harbe-harbe daga intanet ka ɗora masa a fuska. Manhajar Bravemind da ake yi wa sojojin Amurka amfani da ita, likita ne ke sakin kowace ƙara da hannunsa, bayan horo na musamman kan jinyar razana. In ba ka da wannan horo, tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Tabarau iri biyu ne za ka samu cikin sauƙi. Akwai akwatin roba da ake zura wa waya, wanda ake samu a kasuwar 'yan waya da kuɗi kaɗan. Juyawar kai kaɗai yake bi. In mutum ya sunkuya ko ya matsa gaba, hoton ba ya matsowa. Ya isa ga zaman cikin jirgi ko tsayuwa gaban taro. Sharaɗinsa wayar ta kasance da jairoskof, wato abin da ke gane juyawa, kuma yawancin wayoyi masu araha ba su da shi. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe bidiyon 360 a YouTube, wato mai nuna kowane ɓangare na wuri, ka juya wayar hagu da dama. In hoton bai juya ba sai da yatsa, wayar ba ta yi.

Na biyu shi ne mai cin gashin kansa, ba ya buƙatar waya a ciki ko kwamfuta. Meta Quest 3S ya fito a Oktoban 2024 a kan dala 299, Quest 3 kuma ya fito a 2023 a kan dala 499. A nan ta hannun 'yan kasuwa ake samu, don haka ka lissafa da canjin ranar, ka ɗora kuɗin fito da ribar mai kaya. Wannan nau'in yana bin sunkuyo da matsawa, ba juyawar kai kaɗai ba, kuma ga mai tsoron tsayi bambancin ba kaɗan ba ne, domin leƙa bakin bene shi ne jarrabawar. Ga ƙaramin asibiti, 3S ya wadatar. Ƙarin kuɗin da Quest 3 zai ci gara a saka shi a kyamarar ɗaukar bidiyon 360.

Gargaɗi: Quest 2, wanda ya riga su fitowa, an daina sayar da sabo a ƙarshen 2024, amma na hannu ya cika kasuwa. Kafin ka biya, kunna shi ka nemi tabo mai ruwan ƙasa ko lemo a cikin hoto, wanda alama ce rana ta ƙona allon, kuma ba ya gyaruwa. Ka sa mai shi ya goge komai a gabanka, ka shigar da asusunka.

Sauran kayan:

- murfin roba na fuska guda 2, a riƙa musanyawa;
- madaurin kai mai ƙulli a ƙeya, domin tabarau ya kai kusan rabin kilo, kuma madaurin yadin da yake zuwa da shi yana zamewa a kan hijabi;
- fawa-banki, tunda batirin awa 2 zuwa 2 da rabi yake yi, wutar NEPA kuwa kowa ya san halinta;
- iyafis mai rufe kunne;
- waya ko kwamfutar da za ka riƙa ganin abin da majinyaci ke gani;
- kujera mai juyawa, bokiti, ruwan sha da takardun rubutu.

Manhajojin asibiti na musamman galibi da dala ake biyansu duk wata ko duk shekara. Kafin ka biya, ka tabbatar da abu biyu: tana aiki ba intanet, kuma kai ne ke ƙara wuya ko rage ta daga naka allon.

3. Shirya ɗaki

In majinyaci zai tsaya ko ya taka, a share fili mita 2 a mita 2, ba tebur, ba darduma mai naɗewa, ba wayar wuta a ƙasa. A zana iyakar filin a cikin tabarau. Kyamarorin jikinsa da haske suke gane wuri, saboda haka ɗaki mai duhu yana sa hoto ya riƙa rawa, rawar kuma ita ke kawo jiri. A tanadi ƙwai mai caji. A saki labule, kada rana ta shigo kai tsaye. Dogon mutum ya kula da fankar sama in zai ɗaga hannu.

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yi zaman da safe. Gumi yana sa gilashin ciki ya yi hazo, na'urar ma in ta yi zafi tana kashe kanta a tsakiyar aiki.

4. Nemo hoton da ya yi kama da rayuwarsa

Nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Mace ce da ke firgita a Babbar Kasuwar Katsina, sai a nuna mata kantin zamani na Landan, shiru, kowa ya bi layi. Za ta kalla kamar fim, gabanta ko faɗuwa ba zai yi ba, kai kuma ka ɗauka ta warke. In hoto bai tayar da tsoro ba, ba a yi komai ba.

Na jirgi, lif da tsayi ana samun masu kyau a shirye. Na kasuwa, tasha, aji da taron biki kuwa gara ka ɗauka da kanka da kyamarar 360, irin su Insta360 ko Ricoh Theta, ko ta aro ce. Dasa ta a kan sanda mai ƙafa uku, tsayin ido: kamar mita 1.6 ga wanda zai tsaya, mita 1.2 ga wanda zai zauna. Kada ka riƙe ta a hannu kana tafiya, domin bidiyon da ke tafiya alhali mai kallo na zaune shi ne uban masu sa amai. Mutane su ba ta tazarar mita 1 aƙalla, in ba haka ba za a ga fuska ta rabe biyu a inda hotunan suka haɗu. Kowane yanki minti 3 zuwa 5, kuma ka ɗauki wuri ɗaya sau uku: da sassafe ba kowa, da hantsi, da lokacin da kasuwa ta ci ta batse. Mutanen Daura suna da Mai'aduwa ranar Lahadi, cunkoson da ba ya buƙatar ƙari. Ga ɗalibin jami'a mai tsoron ranar kare kundinsa, a samu mutum 5 su zauna a tebur: a ɗauka suna murmushi, a ɗauka fuska a ɗaure, a ɗauka ɗaya na latsa waya ɗaya na girgiza kai.

Gargaɗi: nemi izinin sarkin kasuwa ko shugaban tasha, kuma kada ka kafa kyamara kusa da filin jirgi ko shingen jami'an tsaro. A sauke duk bidiyon a cikin tabarau tun kafin ranar. Mai inganci yana shan gigabait da yawa, kuma ba abin da ke karya zama kamar hoto ya tsaya daidai lokacin da jirgi zai tashi.

5. Bayani da neman izini

Ka faɗa masa gaskiya: zai ji tsoro, da gangan ake so ya ji, kuma shi ke da ikon cewa a tsaya. Ka nuna masa tabarau ya juya shi a hannu. In da wanda ya rako shi, miji ko ɗa ko yaya, a fara sa wa shi. A wurinmu mutum ya ga wasu mutane a ɗakin da ya san ba kowa, wani tunanin daban ne ke fara zuwa masa. Kalma kaɗan ta isa: "Baba, hoto ne irin na talabijin, sai dai ya zagaye ka. Ga shi a wayata, abin da kake gani shi nake gani."

Mace, mace ce za ta ɗaura mata, a kan hijabinta, da wata macen a ɗakin. Ku yi yarjejeniya tun yanzu kan taɓa jiki: ba wanda zai dafa kafaɗar wanda idonsa ke rufe sai ya yi magana tukuna.

A rubuta izinin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi haƙƙin amincewa da na sirri, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Asusun tabarau na asibiti ne, ba a shigar da sunan majinyaci, ba a kuma ɗaukarsa bidiyo a watsa don talla.

6. Gina tsanin tsoro

Da farko a koya masa ma'auni, daga 0 zuwa 100. Wanda lissafin ya yi masa bambaraƙwai, mayar masa da shi kuɗi: "Hajiya, a ce tsoro gaba ɗayansa naira 100 ne, wanda kike ji yanzu na nawa ne?" Ba wanda wannan ke ba wuya.

Sai ku jera yanayi 8 zuwa 12 daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Shi zai ba kowanne maki, kai rubutu ne naka. A ce maniyyaciya ce da za ta tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga tafiyar sama da awa 4 a gabanta, ita kuwa tun da aka biya mata kujera barci ya ƙaurace mata. Tsaninta zai iya zama haka:

- 15, tana ɗakin jira tana hango jirgi ta taga
- 30, tana gindin matakalar jirgi
- 40, ta zauna, ƙofa a buɗe
- 55, an rufe ƙofa, an ɗaura bel
- 65, inji ya ɗauki ruri, jirgi na gangarawa
- 80, tashi
- 85, sauka
- 95, girgiza a cikin gajimare

Kada tazarar hawa biyu ta wuce maki 15. In ta wuce, a ƙirƙiro na tsakiya, kamar rufe ƙofa ba tare da ƙarar inji ba. Kuma ka tono ainihin abin da ake tsoro. Mata biyu za su ce maka "jirgi", ɗaya faɗuwarsa take tsoro, ɗaya kuwa rufe ƙofar ne, ta rasa numfashi ba hanyar fita. Ta farkon girgiza ce saman tsaninta, ta biyun ƙofa. Tsani ɗaya ba ya yi musu.

Gargaɗi: a rubuta dabarun fakewa da yake yi, kamar rufe ido, ƙanƙame kujera, riƙe hannun wani, kurɓar ruwa a kai a kai, ko haɗiye ƙwayar diyazafam mai kwantar da hankali kafin fita. Duk wanda ya sha ƙwayar kafin zama, ƙwayar zai gode wa, ba zai yarda shi ya iya ba. Amma ba kai za ka ce ya daina ba in ba kai ka rubuta masa ba, domin yanke ta farat ɗaya na da haɗari. A yi magana da likitan da ya rubuta.

7. Zaman gwaji

Minti 5 zuwa 10, a wuri mai daɗi, kamar bakin ruwa ko fili mai bishiyoyi, yana zaune. A cire hula. A sassauta madauri, a ɗora gaba tukuna, a ja ƙeya, a ɗaure daidai yadda ba zai zame ba kuma ba zai bar shaida a kumatu ba. Sai tazarar ido: Quest 2 da 3S suna da matsayi uku, milimita 58, 63 da 68, a gwada har rubutu ya fito tar. Mai gilashin magani ya bar abinsa, a sa ɗan zoben da ke ƙara tazara don kada gilasai su goge juna. Haska hoton zuwa wayarka ta manhajar Meta Horizon, su biyun a kan waifai ɗaya. A cikin saiti kuma ka kunna damar ƙwanƙwasa gefen tabarau sau biyu a ga ɗakin gaskiya, ka koya masa.

Abin da kake farauta a wannan zama shi ne jirin tabarau. Dalilinsa ido na cewa ana tafiya, kunnen ciki na cewa ana zaune, sai ciki ya juya. Alamunsa hamma, yawu ya cika baki, gumi mai sanyi, nauyin goshi.

Gargaɗi: a rarrabe shi da fargaba, domin maganinsu kishiyar juna ne. Fargaba da abin da ake gani take tashi, kuma in an daure tana sauka. Jiri da motsin hoto yake tashi, kuma in an daure ƙaruwa yake yi. Da ka ga alamarsa, a cire nan take. A guji zama bayan an cika ciki da tuwo, ko da la'asar ga mai azumi.

8. Zaman tunkara

Awa 1 ake warewa: minti 10 na bitar mako, 5 na ɗaurawa, 20 zuwa 30 a ciki da ɗan hutu a tsakiya, 15 na tattaunawa. A fara daga hawan da ke da maki 30 zuwa 40.

Kafin a kunna, a karɓi hasashensa, a rubuta. Wannan ita ce zuciyar aikin, kuma ita aka fi tsallakewa.

"Hajiya, in an rufe ƙofar nan me kike jin zai faru?"

"Numfashina zai ɗauke, in faɗi, likita."

"A cikin naira 100, nawa kika yarda haka zai faru?"

"90."

"Cikin minti nawa?"

"Ko 2 ba zan kai ba."

Yanzu kana da abin gwadawa: faɗuwa, 90, minti 2. Za ku zauna bayan rufe ƙofa minti 10, ninki biyar na abin da ta ce. Hasashe irin "zan ji ba daɗi" ba ya gwaduwa, domin lallai za ta ji, ka ci gaba da tambayar "sai kuma me?" har ku iso ga abin da ido zai iya shaidawa.

In an shiga, ka rage magana. Duk minti 2 ko 3 ka tambayi maki ka rubuta: 40, 60, 75, 70, 55. Tsakani, jawo hankalinta cikin wurin: "Me kike gani ta taga? Wa ke kusa da ke?" Ka sa ido kan allonka. In hoton ya tsaya a kan ƙasa ko bayan kujera, ta sunkuyar da kai ke nan. In ya daina motsi ɗungurungum, wataƙila ta runtse ido. Ce mata ta ɗago. Addu'ar matafiyi da bismilla ba su cikin dabarun fakewa, ta yi abinta. Carbi ma ta ja, amma ido a buɗe, tana kallon taga.

Gargaɗi: kada tausayi ya sa ka ce "kar ki damu, ai ba gaske ba ne". Da ka faɗi haka ka fitar da ita daga jirgin, aikin ranar ya tashi a banza. Abin da ake cewa: "Na ga ya kai 75. Ki zauna da shi, mu ga abin da zai yi."

Yaushe ake hawa na gaba? Tsohuwar ƙa'ida ta ce sai makin ya sauka rabi. Abin da aka fi bi yanzu shi ne sai lokacin da ta yanka ya wuce abin bai faru ba, ko da makin yana 60. Mafi aminci ga mai farawa ya haɗa biyun: a wuce lokacin hasashe, a maimaita yanayin sau 2 ko 3, kuma kada a haura hawa fiye da 2 a rana.

In ta ce a tsaya, fara da tayin sauka hawa ɗaya. In ta nace, a cire ba gardama, alkawari ne. Amma bayan ta huta, ka lallaɓa ta koma ko na minti 3 ne a hawa mai sauƙi. Wanda ya bar ɗakin da gudu, abin da ya koya shi ne gudu ne ya cece shi, kuma mako mai zuwa wayarsa a kashe za ka same ta.

Gargaɗi: mai firgici da wuya ya suma, domin jininsa hawa yake yi. Mai tsoron jini da allura shi ne ke suma da gaske, domin nasa sauka yake yi. Wannan a zaune ake yi masa, bayan an koya masa ɗaure tsokar hannu, ƙafa da ciki na daƙiƙa 10 zuwa 15, ya saki na 20 zuwa 30, sau 5.

Da an cire tabarau, ɗauko takardar. "Kin ce 90, kin ce minti 2. Minti nawa kika yi?" Bar ta ta faɗa da bakinta, ta sake ba hasashen maki. In ta ce "ai don na san hoto ne", kada ka musa. Tambaye ta ko bugun zuciyar da gumin su ma hoto ne. Numfashin da ta ce zai ɗauke nata ne na gaske, kuma bai ɗauke ba. Ta zauna minti 15 kafin ta fita, kuma wanda ya zo a kan babur ba zai hau ba sai jiri ya sake shi sarai.

9. Tsafta tsakanin majinyata

A cire murfin roba a goge da ƙyallen kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya bushe, a sa na biyun. Kwalli da hoda suna kama soso, shi ya sa ba a barin fuska ta taɓa shi. Gilashin ciki busasshen ƙyalle mai laushi kawai yake so, ba sifirit, ba ruwa, ba bakin riga. Da hunturu a fara hure ƙurar kafin a goge, in ba haka ba yashin zai karce shi. A mayar da shi jakarsa a rufe. Rana in ta faɗa kan gilashin, ƙasa da minti 1 ya isa ta ƙona allon, ko ta taga ce.

10. Fita da shi waje

Zama 1 ko 2 a mako, jimilla 6 zuwa 12, shi ne abin da aka saba. A gwajin Oxford na 2018 kan mutum 100 masu tsoron tsayi, zama kamar 6 na rabin awa aka yi cikin mako 2. Daga zama na 3 kowane mako yana da aikin gida na gaskiya, hawa ɗaya ƙasa da inda aka kai a tabarau, da takardar hasashe a aljihu. Mai tsoron tsayi ya hau bene ya tsaya a baranda minti 10. Mai tsoron kasuwa ta fara da bakin ƙofa da sassafe, ta sayo abu ɗaya, mako na gaba ta shiga layin 'yan kayan miya ita kaɗai. Jirgi ba ya rabuwa gida-gida, sai a yi da makamancinsa: kujerar tsakiya a motar Daura zuwa Katsina, gilashi a rufe, ko rakiyar matafiyi filin jirgi. Maniyyaci ya fara jinya wata 2 zuwa 3 kafin jigila, ba ana saura kwana 5 ba.

In an yi zama 4 ba motsi, duba abu uku a jere: hoton ba ya tayar da tsoro, akwai dabarar fakewa da ba ka gano ba, ko aikin gida ba a yi. Akwai kuma wanda zai shaƙu da tabarau, ya kai saman tsani a ɗaki amma kasuwa ko ƙofarta bai je ba. Wannan a kulle na'urar a kabad, a yi zama na gaba a bakin kasuwar.

Ranar sallama a sake cika PHQ-9 da GAD-7 a kwatanta da na farko. A ba shi ranar dawowa bayan wata 1, sannan bayan wata 3, a kuma gaya masa tsoro kan leƙo bayan rashin lafiya, haihuwa ko rasuwa. In ya leƙo, zama 1 ko 2 ne, ana farawa daga tsakiyar tsohon tsaninsa, don haka takardar tsanin ta zauna a fayil ɗinsa, kwafi ɗaya kuma a hannunsa.